Hoton Fasfon Jikan Rufe-Baki

Mutumin da unguwa ta sani da laƙabin Rufe-Baki mai ɗaukar hoto ne, amma ba irin waɗanda ke yawo wuraren taro da kyamara a wuya ba. Shi hoton fasfo ya ƙware a kai, da na katin shaida, da na takardar neman aiki. Wato irin hoton da hukuma ke buƙata, mai shi kuwa ya ɓoye a aljihu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. A ciki akwai kujera marar majingina, da farin ƙyalle a jikin bango, da fitilu biyu a kan dogayen ƙafafu, da ƙaramin madubi wanda aka ɗaure masa mataji da zare, don kada wani bawan Allah ya tafi da shi bisa mantuwa.

Tun yana saurayi, duk wanda ya hau kujerar nan magana uku yake ji daga bakinsa: "Ɗaga haɓa. Kalli nan. Rufe baki." Ƙa'idar hukuma ce, ba tasa ba: idanu a buɗe, kunnuwa biyu a fili, fuska ba yabo ba fallasa. Ya kashe murmushin ɗalibai, da na sababbin ma'aikata, da na tsofaffin da suka sa haƙoran roba suna son duniya ta gani, kuma bai taɓa jin ya zalunci kowa ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, yakan kuma faɗe shi ko ba a tambaye shi ba: ba a taɓa dawo masa da hoto daga wani ofishi an ce bai yi ba.

Kuskurensa, in har kuskure ne, shi ne da ya riƙa ɗaukar iyalinsa kamar yadda yake ɗaukar jama'a. A falon gidan da ya bar wa ɗansa bayan rasuwar matarsa, ya koma ɗakin bayan shago da zama, hotunan suna nan jere a bango: mahaifinsa, da marigayiyar, da ɗan nasa tilo tun yana rarrafe har ranar da ya gama jami'a. Kowa haɓa a ɗage, baki a rufe. Ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye, wanda kowa ke kira Direba, yakan ce in ya shiga falon nan sai ya ji kamar ya shiga ofishin 'yan sanda, wurin da ake manna hotunan waɗanda ake nema ruwa a jallo.

Ɗan nasa malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kowa kuma Malam yake ce masa, har uban. Matarsa tela ce, iyayenta suna zaune a wata ƙasa mai nisa, inda sai da jirgi ake zuwa. Ita ce ta shigo shagon wata safiya, Rufe-Baki yana goge gilashin kyamara, da jariri a kafaɗarta wanda bai daɗe da fara riƙe wuya ba.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. A'a, yau manyan baƙi gare ni. Kai maigida, ka zo karɓe shagon ne tun ina da rai?"

Jaririn ya zuba masa manyan idanu, ko leɓe bai motsa ba. Rufe-Baki ya lura, da idon sana'a, cewa wannan yaron ba ya buƙatar a gaya masa komai.

Ta ce, "Hoto muka zo a yi masa, Baba. Na fasfo."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Jariri ba ya neman aiki, ba ya buɗe asusun banki. Fasfo amfaninsa ɗaya ne.

"Ziyara za ku je?"

"Haka na gaya wa Malam."

"To ni me za ki gaya mini?"

Ta zauna a kan bencin masu jira, ta gyara wa yaron hula duk da hular ba ta karkace ba. Mace ce mai kunyar surukinta, shekarun nan duka ba ta taɓa kai masa ƙarar ɗansa ba. Saboda haka da ta fara magana sai ta fito a shirye, kamar ɗinkin da aka daɗe da yankawa.

"Baba, tun da aka haifi yaron nan Malam bai taɓa ɗaukarsa ba. Ko sau ɗaya. A asibiti aka miƙa masa, ya ce yana mura. Muka dawo gida, ya ce hannunsa da alli. Yanzu ya daina neman dalili ma. Ba ya rage mu da komai, magani ne, madara ce, kafin in tambaya ya kawo. Amma sai ya tsaya a kan gadon yaron, hannu a baya kamar mai duba jarrabawa, yana jira ya ga ko zai yi murmushi. In bai yi ba, sai ya koma falo ya tsaya gaban hotunan nan naka."

"Hotunana me suka yi?"

"Ya ce ga shaida nan. Ya ce in duba daga kakansa har shi, in nuna masa fuska ɗaya da ta taɓa jin daɗin duniya."

Rufe-Baki ya buɗe baki, ya kuma rufe, ba tare da kowa ya umarce shi ba.

Ta ci gaba ta ce tun tana da ciki abin ya taso wa Malam, irin nauyin nan da kan sauko masa lokaci-lokaci, ya daina cin abinci sosai, ya daina magana sai a aji. Ta matsa ya ga likita. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya kuma yi tambayar da likitoci ke yi: akwai mai irinsa a dangi? Daga wannan tambayar Malam bai sake dawowa daidai ba. Ya shiga karance-karance. Ya gano cewa masana sun auna tagwaye masu yawa, suka ce wani kaso na bambancin jin daɗin rayuwa tsakanin mutane daga ƙwayoyin halitta yake zuwa.

"Likitan ya gaya masa a gabana, Baba, cewa wannan lissafin jama'a ne, ba hukuncin mutum ɗaya ba. Ya ce ya sani. Komai ka gaya masa sai ya ce ya sani. Ni na gaji da zama da mutumin da ya san komai amma bai san nauyin ɗansa ba."

"Da kika ce masa za ki tafi, me ya ce?"

"Cewa ya yi ya san ba ziyara ba ce, kuma gara haka."

Rufe-Baki ya dubi kujerar, ya dubi farin ƙyallen. Ɗaukar hoton jaririn da bai iya zama ba tana da tata hanyar. Ana lulluɓe babba da farin ƙyalle tun daga kai har gwiwa, ya zauna a kujera ya riƙe yaron ta ƙarƙashi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙeya, don hukuma ba ta yarda a ga hannun kowa a hoton ba. Yawanci uwar ce ke shiga ƙarƙashin ƙyallen, shi kuma ya karkaɗa makullai don yaron ya ɗago.

Ya ce, "Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tsaya bayana ya jawo idonsa. Ni yara ba sa kallona, kin gani da idonki. Ki zo da ubansa ranar da ba makaranta."

"Ba zai zo ba, Baba."

"Ai ya ce gara ki tafi. To ya zo ya taimaka a yi takardar."

Ta saɓa yaron, ta yi sallama.

Da azahar ya rufe shago, abin da bai saba ba, har mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ya nufi tashar manyan motoci, inda Direba, tun da ido ya hana shi tuƙi, yake zaune a rumfa yana kula da lodi. Shawarar da ya yanke a hanya mai sauƙi ce. In dai tagwaye ne hujjar Malam, to ga tagwaye a gida: fuska ɗaya, jini ɗaya, ɗaya bai taɓa dariya a bainar jama'a ba, ɗaya kuwa ana jin tasa daga bakin titi. Zai ɗauki ɗan'uwansa ya kai wa Malam kamar yadda ake kai shaida kotu.

Tun daga nesa Direba ya hango shi ya ɗaga murya. "Jama'a, ku tashi, ga fuskata ta zo! An wanke ta an manta ba a yi mata guga ba!"

'Yan lodi suka fashe da dariya, duk da sun sha jin wannan. Rufe-Baki ya gaisa da su da kai, ya ce yana da magana. Direba ya ja shi bayan wata mota da aka kwance wa ƙafa, suka zauna a kan tsohuwar taya, ya saurari labarin duka bai katse shi ba, abin da shi ma bai saba ba.

"To me kake so in yi, ƙanena?"

"Ni na riga ka fitowa duniya. Ina so ka zo ka tsaya gabansa ya gan ka. Ya ga cewa ba a jini abin yake ba. In a jini yake, ai da kai ma kana da shi."

Direba ya ɗauki wani ƙaramin dutse yana juyawa a hannu. Fuskar tasa, da ta daina motsi, ta koma ta Rufe-Baki sak, har Rufe-Bakin kansa ya ji kamar yana duba madubin shagonsa.

"Ka tuna lokacin da nake dogon zango? Akwai wata bishiya bayan wata gada, nesa da gari. Na sha ajiye mota a gindinta, in kashe inji, in ɗora hannu a sitiyari tun hantsi har rana ta karkata. Ba barci ba, ba tunani ba. Kawai ba na iya murza makulli. In na iso a makare sai in ce wa mai kaya taya ce ta fashe. Wata shekara mai motar ya kira ni ya ce, Direba, wai motar nan taya nawa gare ta?"

Ya yi dariya. Rufe-Baki bai yi ba.

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kai ka taɓa gaya mini naka? Ina ganinka in ya zo maka, ka yi ta goge gilashin nan kamar za ka huda shi."

"Har yanzu?"

"Har yanzu. Da yake yanzu ba mota, sai in ce wa matata gwiwa ce."

"To dariyar fa? Ƙarya ce ke nan?"

"Wa ya ce maka? Dariyar gaskiya ce, wancan ma gaskiya ne. Kai a zatonka mota kaya iri ɗaya kawai take ɗauka?" Ya jefar da dutsen. "Na Baba ne, ka sani, na sani. Ka manta yadda yakan juya fuska bango, a ce mana mu yi wasa a waje, mu daina gudu a tsakar gida? In ka kai ni gaban yaron nan ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Gara ka bar ni a nan, in ci gaba da zama baffansa mai ban dariya."

Rufe-Baki ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya zo neman shaida, ya samu, sai dai ta ɗaya ɓangaren ce.

Direba ya bi shi da murya: "Kai, in ya rasa mai ɗaukar yaron a kawo mini! Ni na goya ubansa a wuya har ya yi mini fitsari a kunne, ban ga abin da ya rage ni da shi ba!"

A hanyar komawa Rufe-Baki ya yi ƙoƙarin tuna ranar da shi kansa ya ɗauki Malam a wuya. Ya tuna kowane hoto da ya yi masa, da rigar da ya sa, da hasken ranar. Ya tuna shi sarai, ƙarami, a kan kujera, a ɗaya gefen gilashi. Abin da ya nema dai bai samu ba, sai ya ɗora laifin a kan tsufa.

Ranar da aka sa, Malam ne ya fara isowa, ya ce maman yaro tana tafe, ta tsaya sauya masa kaya. Ya rame, rigarsa a goge kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biyan tara. Ya gaida uban a ladabce, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙafa.

Rufe-Baki ya ce, "An ce hotunana ka kafa hujja da su."

"Ba laifinka nake gani ba, Baba."

"Ban ce ka ga laifina ba. Ina gyara maka bayani ne, tun da kai mutumin bincike ne. Duk wanda ke bangon nan, ni na ce ya rufe baki. Mahaifiyarka sai da na sake nata sau da yawa, don ta kasa daina dariya. Kai kanka a na rarrafen nan, sai da aka ɓoye maka ƙwallonka kafin ka yi fuskar da kake kallo yanzu kana cewa gado ne."

Malam ya sunkuyar da kai. "Na yarda. A cire hotunan daga lissafi. Kaka fa? Da yake juya fuska bango wata da watanni, kai ka ce masa ya rufe baki?"

Rufe-Baki ya gyara tsayuwar fitilar da ba ta karkace ba.

"Kai fa, Baba? Kana zaton ban san ranakun da kake zuwa shagon nan ka zauna ba ka kunna fitila ba? Ni fa? Mutum uku a jere. Ni malamin kimiyya ne, na san abin da binciken ya ce da abin da bai ce ba. Sun ce wajen kashi ɗaya cikin uku na bambancin da ke tsakanin mutane, wasu sun ce ya kusa rabi. Na san ba a yanka mutum ɗaya a ce nan jini ne, nan tarbiyya. Ina koya wa yara wannan a aji. Amma sanin bai taɓa hana ni tsoro ba."

"To don haka sai ka ƙi taɓa shi?"

"Abin da na riga na ba shi a jini ba zan iya karɓewa ba, Baba. Ya riga ya shiga. Abin da ya rage shi ne abin da zai gani, da abin da zai ji, da gidan da zai tashi a ciki. Wannan kaɗai nake da iko a kai. In ya tashi yana kallon fuskata, na ba shi sau biyu ke nan. Dangin uwarsa mutane ne masu hayaniya da raha. Ya tashi a can. Wataƙila ya yi sa'a irin ta Baffa, shi kaɗai ne ya tsira a gidanmu."

Ga ƙofa a buɗe. Abin da Rufe-Baki zai ce kawai shi ne, to ka gani, jini ɗaya ne da ni, ga shi nan garau. Direba ba ya nan balle ya ƙaryata. Amma mutumin da ya ƙi gyara ko tabon fuska a hoton hukuma tsawon rayuwarsa, harshensa ya ƙi juyawa.

"Bai tsira ba."

Malam ya ɗago. "Wa?"

"Baffanka. Yana da shi. Tun kafin a haife ka, har yau."

"Baffa? Baffan da yake ɗora ni a wuya ya zagaya tasha da ni?"

"Shi. Wataƙila ma a ranar da ya sauko daga motar da ya kasa tayarwa."

Malam ya nemi bencin ya zauna. Uban ya kasa karanta fuskarsa. Bai sani ba ko ya ƙara masa mutum na huɗu ne a lissafi, ko ya rushe masa lissafin. Kafin ɗayansu ya sake magana, surukar ta yi sallama ta shigo da yaron, an sa masa riga mai duhu kamar yadda aka umarta, don kada ya ɓace a jikin farin ƙyalle.

Rufe-Baki ya koma mai sana'a, domin nan ne kawai ya san inda ake sa ƙafa. Ya kunna fitilun. Ya ɗauko ƙyalle na biyu daga durowa ya warware.

"Malam, hau kujera."

"Baba, ita ta riƙe shi mana. Ni sai in tsaya a baya."

"In ka tsaya a baya wa zai kalla? Ya san muryarka ne?"

Maganar ta fi yadda ya nufa kaifi, amma bai janye ta ba. Malam ya hau kujerar. Uban ya lulluɓe shi tun daga kai, ya ja ƙyallen ya rufe gwiwoyinsa, har ya zama ba a ganin komai sai wani farin tudu mai numfashi.

"Ba zai ga fuskarka ba, in ita kake tsoro. Miƙo hannuwa ta ƙarƙashi. Na dama a ƙirji, na hagu a ƙeya. Buɗe yatsun, ba ƙwai ba ne."

Surukar ta ɗora yaron a kan cinyar, ta riƙe shi har sai da ta ji hannuwan sun kama, sannan ta saki a hankali ta koma bayan kyamara. Yaron ya karkata gefe, hannun hagu ya bi shi ya tallafe da saurin da ba a koya wa kowa.

Daga ƙarƙashin ƙyallen wata murya ta fito, a shaƙe. "Yana da nauyi."

Muryar ta ci gaba:

"Zuciyarsa tana bugawa da sauri. Haka take?"

Matar ta ce, "Haka ta jarirai take, Malam." Ta tafa hannu a hankali, ta kira yaron da sunan wasan da take kiransa. Ya ɗago kai ya dube ta, idanu a buɗe, baki a rufe, fuskar nan tasa ta alƙalin da bai gamsu da shaidu ba. Rufe-Baki ya danna.

Hoton ya fito a ɗan allon bayan kyamara. Ya duba shi kamar yadda ya saba, daga sama zuwa ƙasa. Kai a tsakiya. Ba inuwa a bango. Kunnuwa biyu a fili. Ba yatsa ko ɗaya da ya leƙo. A iya tsawon aikinsa bai taɓa samun hoton jariri a bugun farko ba sai yau. Babu ofishin da zai mayar da wannan. In ya buga shi yanzu, kafin rana ta yi tsaka an yanke shi an sa a ambulan.

Ya dubi kujerar. Yaron ya gaji da kallon uwar, ya sunkuya ya kama wani abu da ya tokaro ƙyallen daga ciki, babban yatsan ubansa, yana ƙoƙarin kai shi baki da ƙyallen gaba ɗaya. Bai yi murmushi ba. Farin tudun ya lanƙwasa kaɗan a kansa, kafaɗun suna motsi irin motsin da ba na dariya ba.

Rufe-Baki ya yi gyaran murya.

"Bai yi ba. Sai an sake."

Surukar tana tsaye a kafaɗarsa, allon yana gaban idonta. Tela ce, ta san abin da ya daidaita in ta gan shi. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta kalli kujerar. Shi kuwa ya tsaya riƙe da kyamara, yana jiran hukunci kamar yadda dubban mutane suka jira nasa.

Ta ce, "Haka ne, Baba. Kunnensa ɗaya bai fito sosai ba."

Muryar ƙarƙashin ƙyallen ta ce, "In saki?"

"Kada ka motsa," in ji Rufe-Baki. "Fitilar nan ta yi zafi, sai ta huce. Riƙe shi yadda kake."

Ya kashe fitilar hagu, wadda lafiyarta ƙalau, ya ɗauki tsumma ya shiga goge gilashi. Surukar ta koma benci ta zauna, jakar takardun tafiyar tana kan cinyarta, ba ta buɗe ba, ba ta kuma ajiye ba. Wani mutum ya leƙo daga titi yana son hoton katin shaida, ya ga farin tudu riƙe da jariri, ya tambaya ko za a daɗe.

Rufe-Baki ya ce, "Za a daɗe. Ka dawo gobe."